Gunduma Gidan Kishiyoyi Ce: Labarin Garuruwan Graham a Kansas

Jihar Kansas da ke tsakiyar Amurka tana da gundumomi 105, kuma da yawansu ba wanda ya damu da zamansu sai mazaunansu da mai karɓar haraji. Graham, can arewa maso yamma, tana cikin irin waɗannan. A taswira murabba'i ce shar, mil 30 a tsaye mil 30 a kwance, reshen kudu na kogin Solomon ya ratsa ta daga yamma zuwa gabas. Sunan wani kyaftin na sojan Arewa aka sa mata, John L. Graham, wanda aka kashe a gumurzun Chickamauga a 1863, lokacin yaƙin basasa. A ƙidayar 1910 mutanenta sun kai 8,700. A ta 2020 an sami 2,415.

Duk wanda ya tashi a gidan mace fiye da ɗaya, ko ya yi maƙwabtaka da irinsa, ba ya bukatar malami kafin ya gane tarihin wannan gunduma. Gundumar ita ce gidan, garuruwan su ne matan, kowace da ɗakinta da 'ya'yanta da abin da take ganin ta fi saura da shi. Abin da ake kishi a kansa kuma bai wuce biyu ba: makullin turaka da kwandon cefane. Turakar ita ce hedikwatar gunduma, cefanen kuwa layin dogo.

Garin da aka ba hedikwata, a nan ake gina kotu, kuma cikin wannan gini ake ajiye duk wani abu da ya shafi rayuwar talaka. Can ake rajistar takardar fili, can ake biyan harajin gona, can ake karɓar izinin ɗaurin aure, can alƙali yake zama, can shugaban 'yan sandan gunduma yake da ofis da kurkuku. Ko manomi yana so ko ba ya so, sai ya ɗaura wa doki keke ya je. In ya je kuma zai ci abinci, zai kama masauki, zai sayi gishiri da kananzir da ƙusa, mai ɗakinsa ta yanki yadi. Lauyoyi can za su tare, banki can zai buɗe, jaridar garin ita za ta ci kwangilar buga sanarwar hukuma. Wanda ya sayi fuloti da araha a garin da ya yi nasara ya kwana ya tashi da kuɗi. Wanda ya saya a garin da aka kayar, ciyawa ya saya.

A gidan Bahaushe dai akwai raba kwana. Komai rashin galihun bora, muddin maigida mai tsoron Allah ne, kwananta na nan, ranar girkinta ita ce da tukunya ita ce da turaka. Gunduma ba ta san wannan adalci ba. Wadda ta karɓi makulli ta karɓa ke nan, sai dai a ƙwace da ƙuri'a ko da ƙarfin tsiya. Shi ya sa kishin garuruwan yammacin Kansas ya kai ga zubar da jini. A rikicin gundumar Stevens, cikin Yulin 1888, mutanen Hugoton suka rutsa da na Woodsdale a wani filin yankan ciyawa suka harbe huɗu, har da shugaban 'yan sandan gunduma. A gundumar Gray, cikin Janairun 1889, 'yan bindigar da ke goyon bayan Ingalls suka afka wa Cimarron suna loda kundayen hukuma a keken doki, aka yi ta musayar wuta har aka rasa rai. A Graham, ƙuri'a da kuɗi da guguwa ne suka yanke hukunci.

Shi kansa gidan a filin wasu aka gina shi. Kafin zuwan masu awon ƙasa, wannan yanki wurin farautar ƙabilun Cheyenne da Arapaho da Pawnee ne, ɓauna na yawo a cikinsa garke-garke. Da aka tura ƙabilun gefe da yaƙi da yarjejeniyoyin da ba a cika ba, aka kuma ƙarar da ɓaunar da bindiga, sai gwamnati ta yanyanka ƙasar kamar dara. Dokar 1862 ta ce duk wanda ya zauna a kan eka 160, ya gina muhalli, ya noma ta shekara biyar, ta zama tasa. Wannan doka ce ta jawo mutane, dillalan filaye kuma suka riga su zuwa, suna kafa turaku a fili fetal suna raɗa wa wurin sunan gari.

Ɗaya daga cikin dillalan nan shi ne W. R. Hill, wani Bature da ya kafa gari wajen 1876 ya sa masa sunansa, Hill City. Hannunsa ne kuma ya kawo mace ta biyu gidan. A watan Afrilun 1877 ya haɗa kai da wasu baƙar fata shida, cikinsu har da fasto W. H. Smith da fasto Simon P. Roundtree, suka kafa kamfanin garin Nicodemus. Shekarar ce gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga jihohin Kudu, waɗanda suka fito daga bauta suka ga tsofaffin iyayen gijinsu na komawa kan mulki. Hill ya riƙa bin majami'un baƙar fata a jihar Kentaki yana kwarzanta ƙasar: ga fili kyauta, ga ruwa, ga namun daji, ba mai ce maka tashi. A watan Satumba wajen mutum 300 suka taso daga yankin Lexington. Da bazarar 1878 wani ayarin ya biyo baya daga Georgetown.

Cikin ayarin Georgetown akwai Willianna Hickman, matar fasto Daniel Hickman, wadda ta ba da labarin isowarsu bayan ta tsufa. Jirgi ya sauke su a Ellis, mil talatin da wani abu daga inda za su. Ƙyanda ta kama yara a can, aka yi jinya, aka binne waɗanda kwana ya ƙare wa, sannan aka kama hanya, ba itace ba inuwa. Ita ma ba ta da lafiya, tana kwance cikin keken doki, ta ji maza sun kaure da ihu wai ga Nicodemus can. Ta yunƙura ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga gini ko ɗaya ba. Ta tambayi mijinta ina garin yake. Ya nuna mata hayaƙi da ke fitowa daga ƙasa nan da can, ya ce ai shi ke nan. Sai ta fashe da kuka.

Hayaƙin nan daga ramuka yake fitowa. Tun da ba katako, mutum sai ya sami gefen tudu ko gaɓar rafi ya haƙa ɗaki a ciki. Bangon gaba kuma a yanko ƙasa mai saƙaƙƙiyar saiwar ciyawa, sala-sala kamar bulo, a jera. A ɗora 'yan sanduna da kirare a sama, a lulluɓe da ƙasa, a huda wa bututun murhu hanya. Da hunturu akwai ɗumi, amma in ruwa ya sauka sai rufi ya yi ta ɗiga kwana da kwanaki, ƙasa na zuba cikin kwano, maciji kuma ba ya sallama. Makamashi busasshen kashin dabbobi ne da karan ciyayi. Waɗanda suka iso a Satumba sun makara da shuka, yawancinsu ba doki ba garma, wasu da tsinin shebur suka fara fasa ƙasa. Wasu suka koma Kentaki, wasu suka tsaya suna tsintar ƙasusuwan ɓauna a daji suna kaiwa tasha su sayar. A irin wannan rami Jenny Fletcher ta fara koyar da yara, mijinta Zachary kuma ya riƙe gidan waya, daga baya ya gina masaukin St. Francis.

Matar da ta shigo ba kayan ɗaki, sai ga ta da 'ya'ya masu baki. A 1878 wasu samari biyu masu ilimi, Abram T. Hall da Edward P. McCabe, suka sauka a Nicodemus suna yi wa mutane cuku-cukun takardun fili. Kafin a ba gunduma cin gashin kanta sai an ƙirga mutanenta an ga sun kai adadin da doka ta gindaya, kuma Hall gwamna ya naɗa ya yi ƙidayar. Da aka tabbatar da gundumar a Afrilun 1880, McCabe ne akawunta na farko. Shekara biyu bayan haka ya ci zaɓen babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas gaba ɗaya, muƙamin da ya sa shi cikin manyan baƙar fata masu riƙe da kujerar zaɓe a Amurkar wancan zamani. Ƙuri'un Nicodemus suka zama abin zawarci. Duk garin da ke hanƙoron hedikwata sai ya aiko da gaisuwa, kamar yadda kishiyoyi biyu kan shiga ɗakin ta uku da fara'a ranar da suke neman wadda za ta mara musu baya.

Amma makulli bai faɗa hannun Nicodemus ba, bai kuma faɗa hannun Hill City ba. Millbrook, wani gari a kudancin kogi, shi gwamna ya ba riƙon ƙwarya a 1880, ƙuri'a kuma ta tabbatar masa daga baya, duk da Gettysburg da Roscoe su ma sun sa rai. Kusan shekara takwas Millbrook tana mowa. Hill City ba ta haƙura ba, ta samo mai ɗaure mata gindi, wani attajiri J. P. Pomeroy, wanda ya zuba kuɗi a gine-ginen garin, ya kuma yi tayin gina wa gunduma kotu kyauta in aka dawo da hedikwata. Ana cikin wannan ja-in-ja, a watan Agustan 1887 mahaukaciyar guguwa ta sauka a kan Millbrook ta rugurguza yawancin garin. A 1888 aka kwashe kundaye aka kai Hill City. Waɗanda guguwa ta bar wa gini suka bi kundayen. Yau inda Millbrook take gona ce, haka Gettysburg, haka Roscoe.

Nicodemus ba ta sa ranta sosai a turaka ba, cefane take jira. Zuwa 1887 ta fita daga rami. Akwai gine-ginen farin dutse irin na yankin, wanda ake yankawa da zarto tun yana ɗanye, akwai kantuna da masaukai da majami'u da banki, da ƙungiyar masu busa da kaɗe-kaɗe, da jaridu biyu, Western Cyclone da Nicodemus Enterprise. Turawa ma sun buɗe shaguna a garin, ana ciniki ba tsangwama. Abin da ya rage shi ne jirgi, don manomin da zai ja alkama mil talatin a keken doki kafin ya ga mai saye, wahala kawai yake nomawa. Mutanen garin suka kaɗa ƙuri'ar cin bashin dala 16,000 su ba kamfanin Missouri Pacific don ya miƙo layinsa. Kamfanin ya yi zamansa a Stockton, can gabas, bai ƙaraso ba. Aka koma sa rai da Union Pacific. Shi kam ya zo a 1888, sai dai ya bi ta kudancin kogi, ya bar Nicodemus a arewa, ya kafa tasha a nisan mil biyar zuwa shida, aka raɗa mata Bogue, sunan wani injiniyan layin dogo.

Kamfanonin jirgi sun saba da wannan. In suka shiga tsohon gari, wasu ne za su ci ribar tsadar fuloti. In suka kafa sabo a filin da ke hannunsu, su za su yanka su sayar. Ta haka aka yi wa gidan amarya, kuma amarya ko ta buzuzu ce ɗokinta ake. Cikin 'yan watanni 'yan kasuwar Nicodemus suka fara haɗa kaya. Ba kayan shago kaɗai ba, har shagon. Ginin katako sai a ɗaga shi daga harsashinsa, a zura manyan gungume a ƙarƙashi, a ɗaura wa dawaki, a ja shi a hankali ta cikin ciyawa a tsallake kogi da shi, ko kuma a ɓaɓɓalle shi allo-allo a sake haɗawa a can. Mai zaune a ƙofar ɗakinta a Nicodemus tana iya ganin kantin da take sayen sukari jiya yana tafiya yau, ya bar mata ramin harsashi da tarin gwangwani. Bankin ya rufe, jaridun suka yi shiru. Waɗanda suka rage su ne manoman da gonarsu ba ta jawuwa da doki, da majami'unsu.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce Hill City ta ci turaka, Bogue ta ci cefane, an sallami Millbrook, Nicodemus ta zama bora. Amma gidan da ya daɗe yana ganin abin da amarya ba ta zata ba. Shekarun 1930 suka zo da fari da ƙura mai rufe rana da karyewar farashin hatsi, mutane suka yi ta barin gonaki ga banki. Bayan yaƙin duniya na biyu tarakta da injin girbi suka sa mutum ɗaya ya iya aikin da dā gidaje da yawa ke yi, gonakin alkama da dawa suka faɗaɗa, masu noma su suka ragu. Man fetur da aka samu a gundumar ya ɗan riƙe wasu, bai hana samari tafiya Denver da Topeka da Kalifoniya ba. Gidan wayar Nicodemus ya rufe a 1953, makarantarta ta biyo baya, aka riƙa kai yaranta Bogue. Sai ita ma Bogue ta rasa tata makarantar, haka Morland da ke yamma, aka tattara yara a Hill City. Mota da kwalta suka kashe kasuwar jirgi, zuwa shekarun 1990 aka daina bin layin nan, aka kwashe ƙarafan. Wanda ya kawo amarya ya tafi ya bar ta da mutum ɗari da 'yan kai. Ita kanta mai makulli, Hill City, mutanenta ba su wuce 1,400 da kaɗan ba a 2020. Kishiyoyin duk sun tsufa, ɗakuna sun yi musu yawa.

A irin wannan lokaci ake gane abin da mace ta tara a gidan miji. Nicodemus mutum 14 aka ƙirga mata a 2020, amma a ƙarshen makon ƙarshe na kowane Yuli garin yakan cika da ɗaruruwan jikoki da tattaɓa-kunne daga kowace kusurwa ta Amurka. Bikin ya samo asali tun 1878, lokacin da ake yin sa ranar 1 ga Agusta don tunawa da 'yanta bayi a tsibiran Karebiyan da ke ƙarƙashin Ingila. Yanzu sunansa bikin komawa gida. Ana yin jerin gwano a kan titin da bai fi a taka shi cikin 'yan mintoci ba, a gasa nama, a yi waƙoƙin coci, a kai yara maƙabarta a nuna musu sunayen kakanni. Wasu iyalan har yau ba su sayar da filin da kakanninsu suka samu da dokar 1862 ba, ko da wani ne yake noma musu.

'Ya'yan nan ne suka tsaya wa uwarsu. A 1976 aka sa Nicodemus cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Angela Bates, jikar mutanen farko, ta bar birni ta komo, ta kafa ƙungiyar tarihin garin, ta tattara hotuna da takardu da labaran tsofaffi, ta yi ta zarya har majalisar dokokin tarayya ta mai da garin wurin tarihi a ƙarƙashin kulawar gwamnati a watan Nuwamban 1996. Gine-gine biyar aka ware: cocin Baptis, cocin A.M.E., masaukin St. Francis, makaranta, da zauren taro na dutse da aka gina a 1939 cikin shirin gwamnati na samar wa marasa aiki abin yi. A cikin garuruwan da baƙar fata suka kafa a yammacin kogin Misisipi bayan yaƙin basasa, ita ce mafi daɗewa da har yanzu ake kwana a cikinta. Baƙon da ya karkato daga babbar hanya ya shigo gundumar Graham yau, galibi ba kotun Hill City ta kawo shi ba, ɗakin bora ya zo gani. Hausawa sun ce haihuwa maganin mutuwa.

Kada dai a ɗauka suna ya biya asara. Allon tarihi ba ya cika aji da yara, baƙon yini ɗaya kuma ba ya maye gurbin banki da kantunan da dawaki suka ja zuwa Bogue. Mutanen da suka tsere wa zaluncin Kudu, suka haƙa rami da hannunsu, suka ɗauki bashi don a kawo musu jirgi, gari mai rai suka nema, ba wurin ziyara ba. Abin da suka samu shi ne ba a manta da su ba, kuma bakinsu ne yake ba da labarinsu.

Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin a gidan kishiyoyi kowane ɗaki da yadda yake ba da labarin abu ɗaya. Ɗan Hill City zai ce hangen nesa da ƙoƙarin kakanninsa ne suka kawo hedikwata. Ɗan Bogue zai ce kakansa bin kasuwa ya yi, ba cin amana ba. Ɗan Nicodemus zai ce an zagaye su da gangan aka kwashe musu gari. Mai rubuta tarihin ƙaramar gunduma, in ya zauna a ɗakin mai makulli kaɗai don nan kundaye suke, rabin magana zai ji. Dole ya bi ɗaki-ɗaki, ya kuma tuna da waɗanda ba su bar mai magana ba. Millbrook ta riƙe turaka kusan shekara takwas, ta fi Nicodemus gata nesa ba kusa ba, amma ba ta da jikokin da ke taruwa don ita. Mai son sanin wa ya mallaki wane fuloti a cikinta, da nawa ya saya, da ranar da ya rabu da shi, sai ya je Hill City ya roƙi a buɗe masa akwatin kishiyarta.